Marufin guguwa a gidajen Florida: kariya ce ko zubar da kuɗi?

Dillali: Salamu alaikum jama'a. Lokacin mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma duk shekara masu sayen gida a Florida da gaɓar Texas a Amurka tambayarsu ɗaya ce: a sa wa tagogi marufin ƙarfe ko a ƙyale? Ni dai a ganina zubar da kuɗi ne. Gida kan yi shekaru ba a rufe shi ko sau ɗaya ba. Ranar da babbar ta zo kuma, ruwan teku ne ke cin gida, a duba yadda guguwar Ian ta yi wa garin Fort Myers Beach a Satumbar 2022. Filawud da ƙusa sun wadatar. Mai ja, bismillah.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ɗauka don a ceci gilashi ake sa marufin. Gilashi mai arha ne, rufin gida ake karewa. Iska idan ta bi ta saman gida tsotsar rufin take yi sama. Muddin gidan a rufe yake, kusan wannan jan kaɗai rufin ke fama da shi. Da zarar tagar da ke fuskantar iska ta fashe, iskar ta cika gidan kamar an hura salka, sai ta riƙa tura rufin daga ciki ana jan sa daga waje. A ƙa'idar lissafin iska ta ASCE 7, ma'aunin matsin cikin gida rufaffe 0.18 ne, na gidan da aka huda masa gefe guda kuwa 0.55. Ninki uku ke nan. Kuma ƙarfin iska ba ya tafiya daidai da gudunta: in gudu ya ninka biyu, matsi ya ninka huɗu. Darasin da guguwar Andrew ta koyar ke nan a garin Homestead a Agustan 1992, shi ya sa aka tsaurara dokar gini a kudancin Florida, har jihar ta fito da doka guda a 2002.

Dillali: Na ji, Injiniya. To ai filawud ma yana hana tagar fashewa.

Kafinta: Yana hanawa in an yi shi yadda ya kamata, kuma kaɗan ne ke yi. Dokar Florida ta yarda da katako mai kaurin inci 7/16 a gida mai hawa ɗaya ko biyu, ban da a gundumomin Miami-Dade da Broward, amma wanda ya san aiki 5/8 zai saya. Falle ɗaya mai ƙafa 4 da 8 ya haura kilo 20. A yanka shi ya zarce taga da inci 4 ta kowane gefe, a huda ramukan tun kafin damina, a rubuta wa kowanne sunan tagarsa. Ƙusa kuwa a manta da ita, Alhaji. Iska ba tura katako kawai take yi ba, tana jan sa waje, kuma ƙusa zarewa take. Sukuru mai kauri ake so, ya shiga cikin katakon bango ko cikin bulo, ba cikin filasta ba. Katakon da aka kafa a filasta shi ne zai tashi ya fasa tagar maƙwabci. Sannan ka tuna sa'a 36 ce tsakanin gargaɗi da isowar iska. A wannan lokacin kowa na layin kanti, filawud ya ƙare, kai kuma kana kan tsani da falle a hannu iska na kaɗa shi kamar tutar jirgi. In ya jiƙe sau ɗaya aka jingine shi a gareji, shekara mai zuwa ya lanƙwashe.

Injiniya: In ƙara a kan maganar Malam Kafinta. Marufin da ya sami takardar amincewa ta Miami-Dade, wadda ake kira NOA, sai da aka harba masa tu-bai-fo mai nauyin kilo 4 a gudun kilomita 55 cikin sa'a, sannan aka tura shi aka ja shi sau 9,000. Wanda ba shi da lambar amincewa a jikinsa ado ne.

Hajiya mai inshora: Ni ta fuskar kuɗi zan shigo, kuma ba zan ce Alhaji ya yi kuskure gaba ɗaya ba. Inshorar gida a Florida tana da kason da mai gida ke fara biya daga aljihunsa in guguwa ta yi ɓarna, galibi kashi 2, 5 ko 10 cikin ɗari na kuɗin da aka yi wa ginin inshora. A ce gidan dala 300,000 ne a kan kashi 2, to dala 6,000 ta farko taka ce. Taga biyu da kafet da silin da ruwa ya lalata duk a wuyanka suke. Wannan lissafin yana goyon bayan marufi. Dokar jihar kuma ta tilasta wa kamfanoni su yi ragi ga gidan da aka ƙarfafa, bayan mai duba ya cike fom OIR-B1-1802, wanda ke aiki shekara biyar. Amma ga inda mutane ke faɗuwa: ragin kariyar tagogi sai an rufe duk inda gilashi yake. Ka rufe taga goma sha ɗaya ka bar ƙaramar tagar banɗaki ko gilashin saman ƙofa, ragin ya wuce ka. Kuma kada wani ya yi maka alkawarin cewa ragin kaɗai zai mayar maka da kuɗinka cikin shekara biyu. Ka nemi kamfaninka ya rubuta maka adadin ragin kafin ka biya ɗan kwangila.

Dillali: Madalla, Hajiya. To maganar ruwa fa? Kowa ya zagaye ta.

Hajiya mai inshora: Nan ka yi gaskiya. Marufi ba ya tare ambaliyar teku, kuma inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an yanki ta daban, yawanci ta shirin gwamnatin tarayya na NFIP. Guguwar Harvey a 2017 ruwan sama ta zubo wa birnin Houston, marufi bai da abin da zai yi. Mai gida a kwari ya fara da wannan.

Injiniya: Amma guguwar Michael a 2018 iskarta ta bi cikin tudu ta yi ɓarna har kudancin Jojiya, inda ruwan teku bai taɓa zuwa ba. Kowane gida da irin maƙiyinsa.

Mai duba gidaje: Ku gafarce ni, duk kuna magana kamar marufin zai rufe kansa. Abin da ake tararwa a gidaje daban ne. Fallayen ƙarfe ko alminiyam da ake jerawa da hannu su ne mafi arha, amma sai a iske su a gareji babu lamba, notocin sun ɓace, fenti ya toshe ramukan bango, gefensu kuma yana yanka hannu kamar aska. Tsoho ko mace mai zaman kanta ba za su iya hawa da su bene ba. Mai naɗewa gefe kamar zugazugi ya fi: mutum ɗaya zai zagaye gida ya ja ya kulle. Cutarsa gishirin teku da yashi a cikin hanyarsa. A wanke hanyar, a fesa man silikon a tayoyin, a gwada makulli kafin Yuni da bayan Nuwamba, in ba haka ba ranar buƙata ya cije a tsakiya. Mai saukowa daga sama da inji shi ne mafi tsada, kuma wanda bai da mariƙin juyawa da hannu ko batir, in wuta ta ɗauke kai ke nan a ciki. Sai gobara. Akwai masu barin marufi a rufe wata da watanni don ƙyuya. Ɗakin kwanan da tagarsa ke kulle da ƙarfe tarko ne, shi ya sa garuruwa da yawa suka hana barin su bayan guguwa ta wuce. Janareta kuma waje, nesa da taga, don gida rufaffe da hayaƙinta ajali ne.

Kafinta: A faɗa wa masu liƙa salatif a gilashi su daina. Ba ya hana fashewa, manyan ɓaraguzai kawai yake haɗawa. Buɗe taga wai don iska ta wuce ma haka.

Injiniya: Abin da zan ba Alhaji shi ne jeri. Tsarin ƙarfafa gidaje na FORTIFIED, na IBHS wato cibiyar binciken kamfanonin inshora, da rufi yake farawa, kariyar tagogi sai a mataki na biyu. Gidan da aka gina kafin 2002 a fara leƙa cikin silin: akwai ƙarfen ɗaure rafta da bango, ko ƙusa biyu aka soka a karkace? An buga katakon rufi da ƙusa mai zobe, tazarar inci 6? Sai ƙofar gareji, wadda ita ce rami mafi girma a gida kuma mafi saurin lotsawa. Ka kashe dubbai a tagogi ka bar ƙofar gareji ta gwangwani, ka rufe ƙofa da ɓarawo a ciki.

Dillali: To me zai hana a sa gilashi mai jure duka a huta? Ba rufewa, ba buɗewa, kuma yana ƙara wa gida daraja a kasuwa.

Kafinta: Ga wanda tagoginsa suka tsufa dama zai canza, ko mai tafiya ya bar gida babu kowa, shi ne daidai. Amma a sani yana tsagewa, ledar da ke tsakiyarsa ce ke riƙe shi, bayan guguwa sai an sake shi da tsada. Wanda tagoginsa ke da lafiya, cire su ya fi marufi kuɗi nesa ba kusa ba.

Mai duba gidaje: Kuma firam ɗinsa in ba a ɗaure shi da adadin sukurun da takardarsa ta ce ba, gilashin zai fita da firam ɗin gaba ɗaya ba tare da ya tsage ba.

Dillali: Na sauko daga kan ƙusa. Amma gidan haya mai hawa ɗaya a tsakiyar jiha, kusa da Orlando, har yanzu filawud 5/8 da aka yanka aka ajiye zan ce.

Hajiya mai inshora: In akwai wanda zai ɗora shi. Ka rubuta a yarjejeniyar haya ko kai ne ko ɗan hayar.