Kaset da fayafayan makaɗan Katsina da Daura: ta ina za a fara adana su?

Ɗan Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Iyalan wani dattijo mai sayar da kaset sun yarda a adana kayan da ya bari: kaset wajen 600 a kwali huɗu, fayafayan garmaho kamar 40, tef mai zagaye irin na gidan rediyo guda 9, sai ambulan na hotuna da katunan gayyatar biki. Galibi Shata ne da Sarkin Taushin Katsina da Barmani Choge, amma akwai da yawa da aka ɗauka a gidajen biki da wajen hawan Sallah, babu rubutun komai a jikinsu. Shekara da shekaru suna jibge a shago mai rufin kwano.

Ta ina za a fara? Wace na'ura ta dace a juye su zuwa kwamfuta? Kuma a ina ake samun irin wannan tari a hukumance, don mu gwada namu da nasu, ko mu ba su ajiya?

Mai Gyaran Rikoda:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka sa ko guda a rikoda tukuna. Kaset ɗin da ya sha zafin bazara da ƙurar hunturu shekara talatin, sau da yawa jin farko shi ne na ƙarshe, rikoda ta tattauna zaren ka zauna kana salati.

Fara da ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na saman kowane kaset, don ko hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli ba za a goge komai ba. Sai ka leƙa tsakiyar bakinsa, inda zare ke wucewa: akwai ɗan soso manne a kan siririn ƙarfe, shi ke danna zare a jikin kan rikoda, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin zaren. Zafi yana busar da gam ɗinsa ya faɗi, in babu shi sauti zai fito a dushe kamar daga rijiya. Wanda sosonsa ya faɗi, ko gidansa ya lanƙwashe, kwance sukurorinsa biyar ka mayar da zaren cikin gidan wani kaset mai lafiya. Wanda aka liƙe ba sukuru sai an tsaga shi a hankali ta gefe. Daga nan sa biro ka juya da hannu. In ya cije, kar ka tilasta mashi, ware shi gefe. In zare ya tsinke, akwai tef na musamman na haɗa shi. Kar a yi da salatif, gam ɗinsa yana narkewa ya bi zaren ya manne zagaye da zagaye.

Duk wanda ka hango farin gari ta tagarsa, fumfuna ce ta damina. Kada a hura da baki, kada a sa shi a na'ura, don zai shafa wa na bayansa. A rufe irinsu daban cikin roba mai murfi da 'yan ƙunshin silika masu shan laima.

Na'ura kuwa, ka guji ɗan akwatin nan mai arha mai juye kaset kai tsaye zuwa filash. Gudunsa ba daidai ba ne, kalangu sai ya riƙa lilo, kuma MP3 yake ba ka. Nemi tsohuwar dek mai kyau, wato na'urar kunna kaset wadda ake haɗawa da lasifika daban, a canza mata bel, a duba robar da ke jan zare, a tabbatar tana tafiya a santimita 4.76 cikin daƙiƙa. Daga bayanta waya za ta shiga akwatin sauti na USB, shi kuma ya shiga kwamfuta. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce kuma ta isa. Goge kan dek da auduga da sifirit na isopropyl mai ƙarfin 99 bayan kowane kaset biyu ko uku, in zare mai zubar da jan gari ne, bayan kowane gefe.

Abin da masu juye kaset suka fi tsallakewa shi ne ɗan sukurun da ke gefen kan dek. Kaset ɗin kasuwa an kwafe su a rikodoji barkatai, kowace da karkatar kanta. Sa abin ji a kunne, kunna kaset, juya sukurun kaɗan-kaɗan hagu da dama har ka ji bugun kalangu ya fito ras, kalmomin 'yan amshi sun rarrabe. Kowane kaset sai an yi mashi haka. Minti guda ne, amma shi ke raba kwafin da za a iya rubuta baitinsa da wanda sai dai a yi ta cewa "me ya ce?"

Ɗauki sauti a WAV, tsarin fayil da ba ya matse sauti, a saita shi a 48 kHz da bit 24 aƙalla, 96 kHz in da hali. Kada ma'aunin ƙarfin sauti ya taɓa ja, ya tsaya wajen -6. A 48, kaset na minti 90 yana cin kusan gigabait ɗaya da rabi, wato 600 ɗinka za su doshi terabait guda, a 96 kuma ninki biyu. Kada ka rage shuu ɗin kaset a wannan kwafin na asali, a yi gyara a kwafi na biyu. Yi aiki da inbata ko batir, janareto yana cusa gurnani cikin sauti. Ka kuma sa a ranka cewa in kana yin huɗu a rana, aikin kwana 150 ne.

Tef mai zagaye kar ka taɓa su sai da wanda ya san su. Ɗaga faifan a haske: in haske ya ratsa zaren, ko ka ji warin tsami kamar binega, na asitet ne, mai saurin tsinkewa. Wasu na shekarun 1970 da 1980 kuma suna danƙo, su riƙa ƙara a na'ura. Irin waɗannan ake gasawa a zafin digiri 50 zuwa 54 cikin na'ura ta musamman, ba tandar burodi ba, kuma na asitet ba a gasa shi sam. Fayafayai a jera su tsaye, ba a kwance ba. Masu nauyin nan masu zagaye 78 a minti sifirit yana narka su, ba a goge su sai da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ruwan fa, ba asid ɗin ba. Kada kuma sha'awa ta sa a ɗora su kan garmaho mai allurar ƙarfe, tana cin layin faifan duk juyi.

Malama 'Yar Funtua:

Malam ya gama da na'ura, bari in taɓa tambaya ta uku. Tarihin kiɗan Katsina a warwatse yake, sai an bi gida-gida.

Wurin farko shi ne Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962. Manyan makaɗan lardin nan can suke zuwa a ɗauki muryarsu tun kafin a yi Jihar Katsina a 1987, saboda haka kaset da yawa na kasuwa jikokin tef ɗin can ne. A je da takardar neman izini da jerin abin da ake nema, kar a je da "a ba mu waƙoƙin Shata". Bayan 1987 sai gidan rediyon jiha da na talabijin, musamman don hawan Sallah. A cikin gari akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina wadda aka buɗe a 1922.

Na takarda kuma, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin lardi masu lambar KATPROF. Sai dai a 1934 aka kafa Lardin Katsina, abin da ya gabaci haka, har da na Daura, a neme shi a fayilolin Kano da Zariya. Arewa House ma tana nan Kaduna, kuma tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a 1939, suna taimakawa wajen gano ranar naɗi ko biki. Abin da mutane ke rainawa su ne kundayen digiri na sassan Hausa a Zariya, Kano, Sakkwato da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Da yawansu akwai baitoci a rubuce da hira da makaɗin ko yaransa. Ingancinsu hawa-hawa ne, amma wani suna a can kaɗai za a gan shi. Ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗan baka su ma a riƙe su kusa.

Daga waje, wani mai binciken kiɗa, Anthony King, ya zauna Katsina a shekarun 1960, kundin digirinsa na uku a Landan a 1969 kan ganguna da kakakin fadar Katsina ne. Shi da David Ames suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, wanda zai raba maka gardamar sunayen kayan kiɗa.

Batun ba da ajiya: a juye tukuna, sannan a miƙa. A rubuta yarjejeniya mai jerin kaya ɗaya bayan ɗaya, a fayyace ajiya ce ko kyauta, wa ke da ikon saurare, wa ke da ikon kwafa. Mallakar kaset kuma daban, mallakar waƙa daban. A dokar Najeriya haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu 1999, Barmani 2013, don haka kafin a zuba a YouTube a nemi magada.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Allah ya saka da alheri. To waɗanda babu rubutu a jikinsu fa? Kuma akwai waƙa guda da na gani a kaset har bakwai, ba sai a ɗauki mafi kyau a bar sauran ba?

Baba na Daura:

A'a ɗana, kada ka yar da ko ɗaya. Makaɗin baka ba ya maimaita waƙa iri guda sau biyu. Amshi ɗaya ne, amma ɗiyan waƙar suna canzawa da wurin da aka yi ta da waɗanda ke zaune. Yau ya sa wanda ya ba shi doki, baɗi ya cire shi ya sa wanda ya ba shi mota, ko ya soka zambo ga wanda suka ɓata. Sai an saurari bakwai ɗin za a san kwafin juna ne ko zama bakwai ne daban.

Shekara kuwa waƙar da kanta takan faɗa, in an kasa kunne. Sarkin da ake wasawa shi ne ma'auni na farko: a Katsina Usman Nagogo 1944 zuwa 1981, Muhammadu Kabir Usman daga nan zuwa 2008. A Daura Muhammadu Bashar 1966 zuwa 2007, uban gidan Shata, abin da ya sa ma a Daura aka rufe shi. In an ambaci Jihar Arewa ta Tsakiya, tsakanin 1967 da 1976 ne. In ana kiran Sardauna yana raye, kafin Janairun 1966 ne, wato kaset ɗin kwafi ne daga tef ko faifai, don sai a shekarun 1970 kaset ya bazu a nan. Naira ta shigo 1973, duk waƙar da ta ambace ta bayan nan ne. Amma fam ba hujja ba ce, har yau akwai mai ce wa naira biyu fam. Haka sarautar hakimi: in an ce Kaura ko Durbi ko Galadima, a tambaya wanne, don sarauta tana zama mutum yana wucewa.

Kayan kiɗan ma suna nuna mai shi. Taushi da kotso da jauje na fada ne, kalangu na Shata da mahauta da 'yan dambe, ƙwarya ta amada ce a cikin gida, garaya da goge sukan kai ka wajen bori ko maharba. Tambari da kakaki da algaita in sun haɗu, fada ce, ko hawa ko daren Juma'a. A Daura a tambaya ko Sallar Gani ce.

Sai dai ni da za a bi tawa, ba za a jira kwana 150 ɗin mai gyara ba. A fara juye guda 30 na marasa suna, a sa a waya, a kai wa tsofaffin 'yan amshi da maroƙa da sanƙirori a Musawa, Bakori, Funtua da nan Daura, da zuriyar makaɗan fada. Kaset zai iya ƙara shekara biyar a inuwa, su kuwa kullum raguwa suke. A je da goro da ɗan abin hasafi, a kunna masu, a bar wata wayar tana ɗaukar abin da suke faɗi. Kada a tambaye su shekara, a tambaye su bikin wa, gidan wa, wa ke riƙe da babban kalangu, muryar wa ce ke kirari a baya. Na Barmani mata za a tura, maza ba su shiga inda aka yi su ba. Hotunan ma a tafi da kwafinsu, sunayen a rubuta a takarda daban, ko da fensir a baya, biro yana huda hoto.

Mai Gyaran Rikoda:

Baba ya yi gaskiya, a fara da marasa sunan. Ƙari kaɗan: kafin komai a ba kowane kaset lamba, 001 zuwa sama, gefen A da B, a ɗauki hoton jikinsa da kwalinsa, lambar nan ita ce sunan fayil kuma ita za a rubuta a littafin bayanin Baba. Kwafi uku za a yi, biyu a rumbun kwamfuta na hannu daban-daban, ɗaya a wani gari ko a intanet, kuma duk shekara a kunna su a duba. Filash da memori da CD ba wurin ajiya ba ne. In za a tura wa wani ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse sautin. Kwalayen kuma a fitar da su daga shagon nan yau, a ɗora a kan kanta a ɗaki mai silin, nesa da bango saboda gara, nesa da lasifika saboda maganaɗisunta.