Shekara uku ni da maigida muna zaune a cikin mota: mu ci gaba ko mu sauka?

Maman Amira:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya nake tafe da ita, amma sai na ɗan yi shimfiɗa kafin a gane inda na dosa.

Ni nas ce a Amurka. A watan Satumbar 2022, da autarmu ta tafi jami'a, ni da Baban Amira muka mayar da makullin gidan hayarmu a Minneapolis, muka sayi irin motar nan mai ɗaki a ciki wadda mutanen nan ke kira RV. Mu motar gida muke ce mata. Ta hannu ce, tsawonta ƙafa 30, faɗinta ƙafa 8. A ciki akwai gado, da murhun gas, da ɗan firji, da banɗakin da in kin ware hannu biyu za ki taɓa bango da bango. Tarkacen shekara da shekaru muka rabar, na tsira da tukwane huɗu, da ɗan turmina, da akwati ɗaya na atamfofi.

Irin aikina ne ya sa abin ya yiwu. Asibitocin da ke fama da ƙarancin ma'aikata sukan ɗauki nas kwantiragin mako 13, in ya ƙare ki sabunta ko ki ƙara gaba. Shi kuma aikin lissafin kuɗi yake yi ta kwamfuta, duk inda intanet ta kama ya samu ofis. Haka muka yi Tucson, muka yi Albuquerque, da Billings a jihar Montana, da Rapid City a Dakota ta Kudu. Tsakanin wannan kwantiragi da wancan mukan ɗauki mako biyu ko uku mu shiga daji.

Ba zan ɓoye alherin da na gani ba. Na idar da sallar asuba a kusa da bakin Grand Canyon, ƙaton ramin nan mai zurfi na jihar Arizona, na zauna ina kallon hasken rana yana sauka cikin ramin yana rina duwatsun ɗaya bayan ɗaya. A Abiquiu ta jihar New Mexico mun je wani masallacin ƙasa da aka gina a farkon shekarun 1980 bisa zanen Hassan Fathy, ɗan ƙasar Masar. Da na dafa bangon na ji sanyin ƙasa a tafin hannuna, gidan kakata na Zariya ya faɗo mini, sai hawaye. Sannan na san mijina. Shekara ashirin da huɗu muna tare, amma a gidan haya ni ina dutin dare shi yana fita da safe, a bakin ƙofa muke haɗuwa. A cikin motar nan na san cewa shi yake fara tashi ya ɗumama mini ruwan alwala ba tare da ya taɓa faɗa ba. Tankin ruwanmu galan 40 yake ci, wajen lita 150, kuma a daji mukan ja shi har kwana shida, don da buta da bokiti muka tashi.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai.

Na farko, babu ƙofar da za ki rufe. Wani dare a Montana mun isa wurin kwana a gajiye, yana ja da baya ni ina tsaye da tocila ina nuna masa hanya. Na ce dama, shi damar tasa daban da tawa, bayan motar ya goge wani ƙarfe. Ya ɗaga murya, na ɗaga. A gida da sai in shige ɗaki ko in leƙa maƙwabta har zuciya ta sauka. Nan kuwa na je kujerar direba na zauna ina kallon duhu ta gilashi, shi yana bakin gado, taku biyar tsakaninmu, ina jin numfashinsa. Awa uku muka yi a haka.

Na biyu ya fi nauyi. A watan Janairun bana muna hamadar Quartzsite a Arizona, inda masu irin motarmu ke taruwa dubbai duk lokacin sanyi, aka bugo mini cewa gwaggona da ta rene ni ta rasu. Awa takwas ne tsakaninmu da Najeriya, kafin in farka har an kai ta. Na zauna a kan tabarma a gefen motar kwana uku, ba wanda ya yi sallama ya ce ya haƙuri. Rana ta uku na dafa shinkafa da wake na kai wa wasu tsofaffi mata da miji da ke kusa da mu, na ce sadaka ce. Matar ta biyo ni, ta riƙe hannuna har la'asar. Allah ya saka mata, amma washegari suka tashi, ban sake ganinsu ba.

Tun daga ranar nake jin ina son in sauka. Shi kuwa kamar yanzu ya fara, har ya soma maganar Alaska. Ban faɗa masa ba, don ni na kawo shawarar tafiyar tun farko. Waɗanda suka taɓa irin wannan zama, yaya kuka yi da zumunci? Kuma akwai wanda ya sauka bai yi nadama ba?

Baban Sadik:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan gwaggo, ya sa ta huta.

Ni da uwargida mun yi shekara biyar a irin wadda ake ɗaura wa a-kori-kura a ja, kafin nan kuma na yi shekara tara ina tuƙin tirela. Maganar ja da baya, Hajiya, ba ku kaɗai ba ne, duk wurin da masu motar nan ke sauka za ki ji ana wannan rigimar da magariba. Mu abin da ya raba mu da ita: mun daina cewa dama da hagu, sai mu ce ɓangaren direba ko ɓangaren fasinja. Ta kira ni a waya, ta tsaya inda zan gan ta a madubi, in na daina ganinta sai in taka birki. Sannan muka sa wa kanmu doka, ba ma wuce mil 300 a rana, kuma kafin la'asar mun sauka. Yawancin faɗanmu gajiya ce da yunwa.

Kowa kuma ya san aikinsa. Zubar da tankin banɗaki, cika gas, duba taya da hawa rufi neman inda ruwa ke yoyo, nawa ne. Lissafin kuɗi da zaɓen inda za a kwana, nata ne, ba na sa mata baki. In ran ɗayanmu ya ɓaci sai ya ɗauki makullin a-kori-kurar ya shiga gari awa biyu. Ku da taku injinta a jikinta yake, in ba ku da ƙaramar mota da kuke ja a baya, ku nema. Mace tana buƙatar makullin da za ta ɗauka ta fita ba sai an naɗe gida duka ba.

A kan zumunci kuwa, kuskuren da muka yi shekara biyun farko shi ne kullum sabon wuri. Filayen gwamnatin tarayya da ake kwana kyauta a yamma, galibi kwana 14 doka ta ba ka, sai ka tashi. Da wa za ka saba a kwana 14? Daga baya muka mayar da Texas mazauninmu a takarda, adireshinmu yana Livingston wurin ƙungiyar Escapees da ke tattara wa matafiya wasiƙu. Da yawa suna zaɓar Texas ko Florida ko Dakota ta Kudu saboda babu harajin albashi na jiha. Amma ribar da muka ci ba ta haraji ba ce. Livingston ba ta da nisa da Houston, sai muka riƙa yin wata huɗu na sanyi a wajen Houston duk shekara, masallaci ɗaya, mahauci ɗaya. A shekara ta biyu da fara zuwanmu can, da uwargida ta kwanta rashin lafiya, mata shida suka zo dubiya har cikin motar, wasu a tsaye don ba wurin zama.

Mun sauka a 2023 saboda gwiwata. Ni na yi kewar hanya sosai, ita ko kaɗan.

Inna ta Damagaram:

'Yata, ni ban taɓa ganin motar nan ba sai a hoto, amma na karanta maganarki har ƙarshe kuma ta taɓa ni.

Mu nan muna ganin masu tashi da gidansu tun muna yara. Makiyaya suna ɗaure bukka a kan jaki da sa, su yi kudu da rani, su dawo da damina. Amma ki lura, ba su tafiya mutum biyu. Ruga ce guda take tashi, da tsofaffi da surukai da yara. In an yi haihuwa a hanya akwai mai wanka, in an yi mutuwa akwai masu zaman makoki. Kuma hanyar da suka bi bara ita suke bi bana, matansu sun san gidan da suke kai nono a kowane gari, har ƙawaye gare su. Ku kun ɗauki tafiyar kun bar rugar. Shi ya sa ranar da kika nemi mai ce miki ya haƙuri ba ki samu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kin faɗa mana ba ki faɗa wa mijinki ba. Wata nawa ke nan tun Janairu kina kwana da wannan a ciki, a ɗakin da kika ce taku biyar ne? Don ke kika kawo shawarar ba shi ne ya ɗaure ki ba. Mutumin da yake tashi ya ɗumama miki ruwa cikin sanyi, ina zaton ya riga ya ga canji a fuskarki, jira yake ki buɗe baki.

Sannan ki tuna da 'ya'yanki. Gobe Amira za ta yi aure, ta haihu, za ta so gidan uwa da za ta zo ta yi wanka. Ina za ta same ki?

Malam Abu Hafsa:

Allah ya gafarta wa mamaciya. Na ga ba a taɓo maganar ibada ba, kuma tana cikin abin da ke sa mutum jin ya zauna ko bai zauna ba. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya fita daga hukuncin matafiyi, zai cika sallarsa. Ke nan a kwantiraginki na mako 13 ku mazauna garin ne, Jumma'a tana kan maigida in masallaci yana kusa. Kasaru sai ranakun da kuke kan hanya, in tafiyar ta kai wajen kilomita 80. Malamanmu sun yi maganar mai jirgin ruwa da ke yawo da iyalinsa a ciki, suka ce yana kasaru. Hambaliyya kuma suka ce tunda jirgin ne gidansa, ya cika.

Na kawo wannan ne don in ce, wata uku a gari ɗaya lokaci ne mai yawa. Jumma'a goma sha uku ce. In kuna zuwa masallaci ɗaya a cikinsu duka, ke ma kina shiga sashen mata, da wuya ku tashi ba a san sunanku ba.

Maman Amira:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Malam, ka faɗi gaskiya. Alƙibla kam duk inda muka tsaya sai mun duba, a nan ƙasar arewa maso gabas take, wani lokaci wajen murhu wani lokaci wajen ƙofa. Amma masallaci, yawanci ranar Jumma'a ina barcin dutin dare, shi kaɗai yake zuwa ya dawo. A Albuquerque wata mata 'yar Sudan ta karɓi lambata har sau biyu tana gayyata ta, ban je ba, na ce ai tashi za mu yi.

Inna, maganarki ta hana ni barci. Jiya bayan isha'i na kashe murhu na zauna kusa da shi na faɗa masa duka, har da tabarmar Quartzsite. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce ranar ya fita ya zagaya bayan motar ya yi ta kiran mutane a waya ko akwai wani namu a kusa, mafi kusa yana Phoenix, tafiyar awa biyu, kuma yana wurin aiki. Bai faɗa mini ba don kada ya ƙara mini ciwo. Ya ce Alaska ba dole ba ce.

Ba mu yanke sayar da motar ba. Abin da muka tsayar shi ne zan nemi kwantiragi a Minneapolis daga watan Mayu zuwa Oktoba, kusa da yara da mutanen da suka san mu. Sanyin can ba a zaman mota a cikinsa, bututun ruwa daskarewa suke yi su fashe, don haka in ya kama sai mu yi kudu, amma gari ɗaya kowace shekara.

Baban Sadik, don Allah ka tambayar mini uwargida, a wajen Houston wane ɓangare ne ya fi kusa da masallaci da wurin ajiye irin motarmu na wata-wata? Kuma in ba damuwa ina son in ji daga bakinta yadda watannin farko suka kasance bayan kun sauka.