Farantin firintar 3D ba ya wuce digiri 85, kuma bakin wayarsa ya soma baƙi

Mai_Zane_Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. Ina da ƙaramar firintar 3D a shagona da ke Agege, mai allon sarrafawa na RAMPS 1.4 da faranti mai ɗumama (wanda ake buga kayan a kansa) samfurin MK2B, kuma tana aiki da volt 12 daga akwatin wuta (na'urar da take mayar da wutar gida volt 12) mai watt 240. Idan ina aiki da robar PLA ba ni da matsala, domin farantin yana kai digiri 60 cikin ɗan lokaci. Amma yanzu an ba ni aikin da sai da robar ABS, wadda take buƙatar digiri 100 zuwa 110, ga shi farantin yana tsayawa a wajen 85, sannan koren soket ɗin da wayoyinsa suke shiga a jikin allon ya soma baƙi yana warin ƙonewa. Wani ya ce in sayi akwatin wuta mafi girma, wani kuma ya ce in koma faranti mai aiki da wutar gida kai tsaye. Wacce shawara ce ta fi dacewa?

Injiniya_Sabo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Da farko ina roƙonka ka daina kunna farantin har sai ka canza wannan soket, domin baƙin da ka gani shi ne mafarin gobara. Bayan haka ka ɗauko mita ka auna, kada ka sayi komai tukuna. Turjiyar MK2B a haɗin volt 12 takan kasance wajen ohm 1.2, wato yana jan amp 10, yana ba da watt 120. Fiyus ɗin da ke kan wannan layin a RAMPS na amp 11 ne, saboda haka allon yana aiki ne dab da iyakarsa duk lokacin da farantin yake kunne.

Ka auna wutar a wuri biyu yayin da farantin yake ɗumama: a bakin akwatin wuta, da kuma a kan farantin kansa. Idan ka samu 12 a can, 11 a nan, to ƙarfin ɗumamawa ya sauko zuwa wajen watt 100, kuma wancan volt ɗaya da ya ɓace ya koma zafi na kusan watt 9 a cikin waya, da fiyus, da soket. Ka ga ke nan abin da yake hana farantin zafi shi ne yake ƙona maka allo, kuma babban akwatin wuta shi kaɗai ba zai magance wannan ba.

Shawarata ita ce ka sa MOSFET na waje, wato makunnin lantarki da sigina yake kunnawa da kashewa, irin wanda yake zuwa da nasa ƙarfen sanyaya. Babbar wuta za ta tashi daga akwati ta bi ta cikinsa zuwa faranti, shi kuma allon ba abin da zai aika sai ɗan siginar kunnawa da kashewa. Ka yi amfani da waya mai kaurin 2.5mm², mai laushi, tunda farantin yana kai da komo. Kada ka shafa wa bakin wayar dalma kafin ka ɗaure ta da sukuru, domin dalma tana lotsewa a hankali har ɗaurin ya saki. Ka matse mata 'yar hular ƙarfen nan da masu wayarin suke amfani da ita. Ana samun waɗannan kaya a Alaba.

Hajiya_Fasaha ta amsa:

Na yarda da Injiniya, sai dai ina da ƙari. Ƙasan farantin yana zubar da zafi mai yawa, don haka ka manna masa abin tare zafi mai jure wuta, kuma ka kawar da firintar daga ƙarƙashin fanka, wadda a zafin Legas ba ma kashe ta. ABS ma ba ta son iska, takan ɗago daga kusurwa. Kuma idan ka sa MOSFET na waje, kana iya ba farantin nasa akwatin na volt 24, ka mayar da wayoyin kan wurin haɗin 24 da ke jikin MK2B. Wutar da za ta bi waya za ta ragu da rabi, zafin da wayar take yi kuma ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Allon RAMPS dai ka bar shi a kan 12.

Dattijo_Idi_Araba ya amsa:

Ɗana, game da shawara ta biyu da aka ba ka, faranti na silikon mai aiki da volt 230 yana zafi da sauri ƙwarai, ana kuma sarrafa shi da SSR, wato makunnin lantarki da yake kunna wutar gida da kashe ta da sigina daga allo, amma ni ba zan ba ka shawararsa a shagon haya ba sai ka tabbatar da abu ɗaya: shin soket ɗin bangonka yana da wayar ƙasa ta gaskiya, wato wadda take kai wutar da ta tsiyaya cikin ƙasa? A gine-gine da yawa ramin na uku fanko ne, kuma ƙaramin janareta ba a cika haɗa shi da ƙasa ba. Idan rufin wayar ya goge saboda motsi, farantin alminiyam ɗin da kake taɓawa da hannu zai ɗauki wutar gida. Sannan SSR idan ya lalace yawanci a kunne yake maƙalewa, manhaja kuwa ba ta da ikon kashe shi, shi ya sa dole ne a ɗaura fiyus mai yankewa da zafi a jikin farantin, a kan layin wutar.

Ko wace hanya ka bi, ka duba Marlin, manhajar da take tafiyar da firintar, ka tabbatar THERMAL_PROTECTION_BED yana kunne, domin idan 'yar na'urar auna zafi ta ɓalle daga farantin, wannan ne zai tsayar da firintar. Idan kuma ka kunna PIDTEMPBED, saitin da yake daidaita zafin farantin, ka aika wa firintar umarnin gwaji M303 E-1 S100 C8 bayan ka gama gyaran, ka shigar da lambobin da ya ba ka da M304, ka adana da M500.

Mai_Zane_Agege ya amsa:

Allah ya saka muku da alheri. Na auna kamar yadda Injiniya ya ce: 12.1 a bakin akwati, 10.9 a kan faranti. Na kuma buɗe soket ɗin bango, Baba, babu wayar ƙasa a ciki, don haka na ajiye zancen volt 230. Tambayata ta ƙarshe ga Injiniya: bayan na sa MOSFET ɗin, akwatin nan mai watt 240 zai ɗauki faranti da bakin narkar da roba da motoci gaba ɗaya, ko in nemi mai watt 360?