Shin sanin darasi kaɗai ya isa ya mai da mutum malamin kirki?

Tsohon darakta, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Ina nan kan bakana cewa malami nagari shi ne wanda ya san abin da yake koyarwa, sauran abubuwan da ake yawan lissafawa, irin su haƙuri da fara'a da iya jan yara, duk ƙari ne. A shekarar 2017, lokacin da Daouda Mamadou Marthé yake ministan ilimin firamare na Nijar, an yi wa malaman kwantaragi na ƙasa baki ɗaya gwajin Faransanci da lissafi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami rabin maki. Wanda bai iya rabawa ba, komai kyan halinsa, ba zai koya wa yaro rabawa ba.

Malama ƴar kwantaragi, Tibiri:
Wa alaikumus salam, Baba. Ban musa abin da gwajin ya nuna ba, amma gwajin takarda yana fallasa wanda bai sani ba ne, ba ya nuna wanda ya iya koyarwa. Ina riƙe da ajin CP, wato aji biyu na firamare, kuma mafi wuyar aikina shi ne gano inda yaro ya ɓace, wanda ba ya cikin abin da aka tambaye mu a 2017. Idan na ba da 42 a ɗebe 17, na buga tebur, kowa ya ɗaga allonsa sama, sai in ga layi guda sun rubuta 35. Wanda ya san lissafi kawai zai ce sun faɗi, ya maimaita bayaninsa da ƙarfi. Wanda ya san yara zai gane cewa sun ɗebe 2 daga 7 ne, domin a wurinsu ƙarami ake cirewa daga babba ko yana sama ko yana ƙasa, sai ya ɗauko tsinkaye, ya kwance dami ɗaya na goma a gabansu. Wannan ma sani ne, Baba, kuma shi ne ya sa ake tura mutane makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo da ke Maraɗi, ba don a sake koya musu ɗebewa ba.

Uban ɗalibai, ɗan kasuwa a babbar kasuwa:
Ku gafarce ni, malamai, ni ba mai ilimin boko ba ne, amma ina ganin kun tsallake na farko. Malamin kirki shi ne wanda ƙarfe takwas take yi masa a cikin aji. An taɓa ba ɗana malamin da kowa ya shaida iliminsa, amma tsakanin yajin aiki da zaryar karɓar albashi, littafin yaron bai kai rabi ba har damina ta faɗi.

Malama ƴar kwantaragi, Tibiri:
Alhaji, gaskiya ka faɗa, sai dai a tuna cewa albashin ɗan kwantaragi yakan makara, kuma wanda ake bi bashin hatsi ba ya tsayawa gaban allo da cikakken hankali.

Malamin makarantar allo, Bagalam:
Abin da Malama ta kawo tsoho ne a wurinmu. Ba a wanke wa almajiri allo sai ya biya karatunsa a gaban malam shi kaɗai, saboda haka babu yaron da zai ɓuya cikin amshin taro. Akwai alarammomin da suka haddace Alƙur'ani tsaf, amma a babbaƙu da farfaru gardinsu ya fi su fitar da yara, domin shi yana da kunnen jin inda harshen yaro ya karkace.

Malamin lise (babbar sakandare), unguwar Ali Ɗan Sofo:
Ina so in ƙara batun harshe, wanda a ganina ya fi raunana hujjar Mai girma darakta. Yaron da ya shigo CI, wato aji ɗaya na firamare, daga gidan da ba a jin kalma ɗaya ta Faransanci, malaminsa yana iya zama gwani a nahawun Faransanci amma ya shekara yana magana shi kaɗai. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Zinder saboda wannan matsala, kuma binciken PASEC na 2014, mai auna ƙoƙarin ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya sa Nijar a ƙarshen ƙasashe 10 wajen karatu. Yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, tambayar da ya kamata a yi wa malami ita ce ko zai iya bayyana ma'anar kaso da Hausar da yaron Gidan Rumji zai fahimta.

Tsohon darakta, unguwar Zariya:
Na ji ku duka, amma ban ga abin da ya rushe maganata ba. Ƴata, ba za ki gane dalilin 35 ɗin nan ba sai da kika san ɗebewa ciki da waje. Wanda shi kansa yake kokonton amsar ba zai lura da kuskuren yaro ba, balle ya kwance masa dami. Abin da na yarda da shi kawai shi ne cewa sanin da nake nufi ya fi na cin gwaji zurfi. Na zauna a bayan azuzuwa da yawa ina sauraron darasi, kuma ban taɓa ganin dabara ta ceci malamin da ya rubuta kuskure a kan allo yara suka kwafe ba.

Malama ƴar kwantaragi, Tibiri:
To, Baba, tunda ka yarda gwajin takarda bai isa ba, ina roƙon ka zo taronmu na CAPED mai zuwa, inda malamai ke haɗuwa su ƙara wa juna sanin dabarun koyarwa. Za mu ba malamai biyu darasi ɗaya a ajin CP, wanda ya fi mu maki a 2017 da wata da ta ci da ƙyar, sannan a ɗaga alluna a ƙirga.