Taƙaitawa: abin da aka tattauna kan goge agat da jed a Maradi

Ga abin da na tsinta daga maganganun jama'a kan yadda ake goge agat da jed, wato duwatsun ado.

1. Kowa ya yarda ba a goge dutse a bushe. Injin wasa ƙarfe na masu walda gudunsa ya yi yawa, zafi na tsaga dutsen, kuma ƙurar agat tana lalata huhu. Ruwa ya riƙa ɗiga a kai.

2. Matakan samfefa ta ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi: lamba 80 don fitar da siffa, sai 220, 600, 1200. Kafin a sauya lamba, a shanya dutsen a duba shi a hasken rana, don jiƙaƙƙen dutse yana ɓoye karce. In an ga layi ko ɗaya, a koma baya.

3. A wanke dutse da hannu tsakanin matakai. Lokacin hunturu a rufe fatar gogewa cikin leda. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ɓata aikin yini.

4. Agat, irin na talhatana, taurinsa wajen 7 ne a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs. Garin seriyom, wato hodar fitar da sheƙi, a jiƙaƙƙiyar fata ya wadatar.

5. A kan jed aka rabu. Nefirit, wani nau'in jed, zare-zare ne a ciki, wani wurin ya fi wani laushi, shi ya sa fuskarsa ke fitowa kamar ɓawon lemu. Wasu sun ce a goge shi da koriyar hodar sheƙi, wato garin kuromiyom, a fata mai tauri, wasu garin daimon a kan katako. Na biyun ya fi tsabta a ganina, domin koren yana shiga tsaga ya ƙi fita.