Ta sayi ɗinkina, amma labarin da ta rubuta a kaina ba nawa ba ne

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon magana.

Shekara 17 ke nan ina ɗinkin hannu. A wajen kakata na koya, Allah ya jiƙan ta, ita ce mai cewa in kina son sanin mai aiki ki juya ƙyalle ki duba bayansa. Rigunan filo nake yi da shimfiɗar tebur da mayafai. Bara 'yata ta buɗe mini shafi a Instagram, ta nan wata Baturiya ta same ni. Ba Musulma ba ce, kuma tsakani da Allah tana da kirki: ba ta taɓa neman ragi ba, ba ta jan biya, da azumi ma sai da ta aiko da gaisuwa.

Yanzu za ta baje kolin kayan mata masu sana'ar hannu a ƙasarsu. Ta turo rubutun da za ta liƙa kusa da aikina, Hanifa ta fassara mini. Wai ni mace ce da ba a bari ta fita, ba ta da ta cewa a gida, allura ce kaɗai bakinta. Ni da nake zuwa sayen zarena da ƙafata, nake biya wa yara biyu kuɗin makaranta! Ina ɗinki a gida ne don in ɗora tukunya in dawo kan aikina, ba wanda ya ɗaure ni. Ta kuma nemi hotona, fuska a buɗe. Shimfiɗar da na kwashe wata biyu a kanta kuwa, ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba kan yadda aka yi ta.

In gyara mata ne, ko in ja bakina tunda ciniki yana tafiya? Tsorona kar ta ji haushi ta daina saye.

Abban Sadiq:
Hajiya, karɓi kuɗinki ki yi shiru. Labarin tausayi shi ke sayar da kaya a wajensu, kuma ba mai sanin ki a can. Hoton dai in ranki bai kwanta ba kar ki bayar.

Malama Rabi:
Abban Sadiq, da sake. Sunanta fa za a rubuta a ƙarƙashin ƙaryar.

Yaya, abin da ya same ki ya tuna mini da Lakno, babban birnin jihar Uttar Pradesh a Indiya, inda na yi karatu. Akwai wani ɗinki da ake ce wa chikankari, asalinsa farin zare a kan farin yadi marar kauri. Yawancin masu yin sa mata ne Musulmi, a cikin gidajensu. Hannu da yawa riga take bi kafin ta kai kanti: wani ya yanka, wani ya buga mata zane da hatimin katako da shuɗin launi mai fita a wanki, sai dillali ya rarraba wa mata gida-gida, su ɗinke a kan zanen, a kai wa mai wanki ya fitar da shuɗin. Akwai wani salo, bakhiya, da ake ɗinkawa ta bayan yadin, inuwar zaren kawai ake gani ta gaba. Na taɓa zama kusa da wata dattijuwa tana yi a bakin ƙofa don ta samu haske, tabarau ɗaure da zare a kunnenta, tana hira ba ta ko duban hannunta.

Matsalar matan nan ba zaman gida ba ce. Matsalarsu ita ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: a kan kowace riga ake biyan su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba su san nawa ake sayar da ita ba, mai saye kuma bai san da zamansu ba. Da SEWA ta Lakno, wata ƙungiyar mata masu sana'ar kansu, ta fara haɗa kansu a shekarun 1980, abin da ta sa a gaba shi ne su kai kayansu kasuwa ba sai ta hannun dillali ba. Baƙo in ya zo, mayafi yake fara gani, sai ya ɗauka shi ne ciwon. Da ya tambayi nawa aka biya ta, da ya ji inda yake mata zafi.

Ke kin tsallake dillalin kuɗi. Kar ki bari a yi miki dillancin labari.

Ummu Yasir:
Ni shawarata kar ki yi mata faɗa, ki ba ta abin da ya fi nata daɗin karantawa. Ina jin ba mugunta ba ce, abin da ta saba ji ne ta rubuta.

Dubi matan Falasɗinu da ɗinkinsu na tatriz, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan gadon al'adun duniya a 2021. A da, mace in ta sa rigarta, daga zanen ƙirjin za a gane ta Ramalla ce ko ta Baitalami ko ta Gaza. Musulmi da Kirista duk suna yi. Bayan 1948 da aka raba su da garuruwansu, a sansanonin gudun hijira suka ci gaba, ya zama abin ciyar da gida. Lokacin boren da ya fara a 1987, da aka hana ɗaga tutarsu, sai suka ɗinka launukanta a jikin riguna. Duk wanda aka yi wa wannan bayanin ya san ba da abin tausayi yake magana ba.

Wani abin ma da ba kowa ya sani ba: atamfar da muke kira Holan, jikar batik ce ta tsibirin Jawa a Indunusiya. Can mata ke zana yadi da narkakken kaki, da wani ɗan mazubi na tagulla mai siririn baki, sannan a rina, inda kakin ya rufe launi ba ya kamawa. Turawan Holan suka kwaikwaya da inji a ƙarni na 19, mutanen Jawa ba su yi na'am da na injin ba, sai ya samu karɓuwa a Afirka ta Yamma. Mu ma ke nan mun daɗe muna ɗaura fasahar wasu mata ba mu taɓa tambayar su waye ba.

Ki rubuta mata da Hausa, Hanifa ta fassara. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wa ya koya miki, wane irin zare, kwana nawa, wace sa'a kike zama. Hoto kuma ki ba ta na hannuwanki.

Abban Sadiq:
To in ta ce ba ta so fa? Ku za ku saya?

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Daren jiya muka zauna da Hanifa muka rubuta. Na sa maganar kakata, na faɗi cewa bayan azahar nake ɗinki don ido ba ya jure fitila, na kuma ce a cire batun hana ni fita domin ba gaskiya ba ne. Hotuna biyu muka tura, ɗaya hannuna, ɗaya bayan shimfiɗar.

Ɗazu ta amsa. Ta ba da haƙuri, ta ce za ta sauya rubutun, amma har yanzu tana roƙon hoton fuska, na ce a'a. Sai kuma ta tambaya ko za ta iya rataya shimfiɗar yadda mutane za su ga gaba da baya. Malama Rabi, akwai ƙulli biyu a kusurwa da ban ɓoye da kyau ba, ranar Hanifa tana zazzaɓi. In gaya mata tun yanzu, ko in bari ta gano da kanta?