Kayan katako na ba yara labari a makarantar Lahadi: yaya kuka ƙare da naku?

Malamar ajin ƙanana, Zuru

Salama a gare ku 'yan'uwa malamai. Zumuntar Mata ta tara mana ɗan kuɗi don mu sa a yi wa yara kayan ba da labari na katako, makiyayi da tumakinsa da kuma jirgin Nuhu. Hotunan takarda da muke riƙe da su, damina ɗaya ta gama da su. Waɗanda suka riga mu yi, don Allah ku faɗa mana abin da kuka tarar, tun daga wurin kafinta har zuwa shafe.

Malami daga Yauri

Malama, kafin ki ba da kafin alƙalami, ki je da ƙafarki ki ɗaga katakon. Mu ɗanye aka yi mana da shi, ba mu sani ba. Cikin watan Agusta muka karɓa, sumul, har Baba Fasto ya sa albarka. Hunturu na shigowa jirgin ya tsage daga baki har gindi, ƙofarsa ta karkace ta ƙi rufuwa. Ranar da na zo wurin da Ubangiji ya rufe ƙofar jirgin, sai da na danne ta da yatsa har na gama labarin. Abin ya yi mini ciwo, domin kuɗin gwauraye ne a ciki.

Na biyun da maɗaci busasshe aka yi. Awon ma daga Farawa 6 muka ɗauko: tsawo kamu 300, faɗi 50, tsayi 30. Muka mai da shi inci 30 da 5 da 3. Yara sun yi mamakin ganin jirgin dogo ne siriri.

Mama Fasto, Gusau

'Yata, ni maganar fenti ce ta kawo ni. Mu a Zamfara ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma akwai fentin mai da ke ɗauke da dalma, kuma yaro ɗan shekara 2 duk abin da ya riƙe baki yake kai shi. Na hana a shafa wa namu fentin ƙofa, duk da kafintan ya ce zai fi ƙyalli.

Mu da kanmu muka gama aikin a tsakar gidan fasto. An goge da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, har sai na murza tunkiya a kumatuna ban ji komai ba. Muka narka kakin zuma da man kaɗe a ƙaramar tukunya, muka shafa da tsumma yana da ɗumi, ya kwana, da safe muka goge. Rigar makiyayi da ruwan karan dafi muka rina, wanda dukawa ke jan fata da shi. Kada a gwada man gyaɗa. Wata 'yar'uwa ta shafa, bayan mako biyu akwatin na wari, kiyashi sun cika shi.

Dattijon ikilisiya, Birnin Kebbi

Kafintanmu Musulmi ne, maƙwabcinmu na shekaru. Ya ce jirgi da shinge da akwati zai yi da hannu biyu, amma ba zai fitar da fuskar mai rai ba. Ban ja da shi ba, don a majalisar dattawanmu ma akwai wanda ya ce yana tsoron kada yara su ɗauka gumaka ne. Muka daidaita a kan siffa kawai, a yanka daga falle, ba ido ba baki. Wata Lahadi da ake Luka 15, wata yarinya ta ɗauki ɓatacciyar tunkiyar ta ce, "Malam, kuka take yi." Tun daga ranar ban ƙara tayar da zancen fuska ba.

Kafinta, ɗan ƙungiyar mawaƙan ikilisiya, Zuru

Malama, sana'ata ce, bari in sa baki. Ku kawo zane a kwali, daidai girman da kuke so, kada ku ce "kamar haka" da hannu. Ku sa a yi tunkiya guda ku gani kafin a yanka saura. Gindin ya yi faɗi, in ba haka ba rabin darasi tayar da tumaki za a yi ta yi. Gam ya isa, ƙusa ba ta da wuri a kayan yara. Ƙirya tana da ƙarko amma ta turmi ce, nauyi gare ta. Maje kuwa gara ba ta barinsa.

Malamar ajin ƙanana, Zuru

Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Baba kafinta, Asabar zan zo shagonka da kwalin. Tumaki 6 za mu fara da su. Mama, kakin zuman nan a kasuwa kuka samu, ko wurin masu amya?